Shekara Shida Ina Rage Wa Jikata Maki

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da dukkan masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, a kuma karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, domin wanda na yanke wa kaina ya fi naku tsanani.

Ni dattijo ne, tsohon malamin makaranta, ina zaune a Tudun Wadar Zariya. A makarantar mishan na yi karatu, a hannun wani malami da bai taɓa ce wa ɗalibi madalla ba. A ganinsa yabo lalata yaro yake yi. Idan ka ci tamanin, sittin da biyar zai rubuta maka, don kada kanka ya kumbura. Sai da na girma na gane haka yake yi, kuma maimakon in ji haushi, sai na ɗauka cewa shi ya mai da ni mutum.

Ina da jika, zan kira ta Ladi, ko da yake ba sunanta ba ne. Tana hannunmu, ni da kakarta, tun rasuwar mahaifinta. Ranar da ta shiga aji ɗaya na sakandare ta ce mini likita take so ta zama, ni kuwa na ɗaura ɗamarar kai ta can. Kowace Asabar bayan karin kumallo nake zaunar da ita a zaure, ga agogo a kan tebur, in yi mata jarrabawa: lissafi, Turanci, daga baya kuma darussan kimiyya daga tsofaffin tambayoyin da nake sayowa wurin masu littattafai a unguwar Kongo. Na shaida mata tun farko cewa duk wanda bai kai saba'in a hannuna ba, kada ya yi mafarkin likitanci. Ga laifina: ban taɓa bari ta kai saba'in ɗin ba. Ba na rubuta maki a gefen kowace amsa, jimla kawai nake nuna mata a sama, sannan in riƙe takardar. Ranar da ta ci tamanin da huɗu, sittin da tara na rubuta. Ranar da ta haura casa'in, duk da murnar da na yi a raina, sittin da takwas na rubuta, na ce rubutunta ya yi ƙazanta. Idan ta kawo sakamakon makaranta ta zo ta ɗaya, sai in ture shi gefe in ce makin makarantun yanzu kyauta ake rabawa. Wane irin kaka ne yake haka? Kakarta, wadda take kira Inna, ta sha ce mini, "Malam, sauran tsofaffi tsokanar jikokinsu suke yi suna kiran su amarya, kai kuwa ka mai da tamu fursuna. Ko albashi ake biyanka ne?" Nakan amsa da cewa, "Hajiya, ki tsaya a kan tuwonki, ki bar mini alƙalamina." Ita ma ba ta san abin da alƙalamin yake aikatawa ba.

Yanzu Ladi tana aji shida, an kuma buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'a, inda ɗalibi yake zaɓar fannin da zai karanta. Shekaranjiya bayan la'asar ta same ni a zaure, ta durƙusa.

"Baba, na yi shawara. Ba zan cike likitanci ba."

Na ce, "Saboda me?"

"Shekara shida ban taɓa kai saba'in ba. Kai ka faɗi sharaɗin, kuma na yarda da shi."

"Amma ai ke ce ta ɗaya a ajinku."

"Wannan makin kyauta ne, Baba. Ko ka manta?"

Da ƙyar na ce mata, "Kina iyawa, Ladi." Tunda take ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakina ba. Ta yi dariya, idanunta cike da hawaye, ta ce, "Kai, tsoho, yau kuma tausayi ne ya kama ka? Don Allah kada ka fara lallashina yanzu. Inna takan yabe ni don tana sona, malamai kuma don su burge iyaye. Kai kaɗai ne ba ka taɓa yaudarata ba."

Wallahi da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Jibi za ta je yin rajistar, ta kuma roƙe ni in raka ta, don in taya ta zaɓen wani fannin da ya yi daidai da ƙwaƙwalwarta, kamar yadda ta faɗa. Takardunta na shekara shida suna nan a akwatina, ko ɗaya ban zubar ba. Zan iya fito da su in sake duba su a gabanta, amsa bayan amsa, ta ga makinta na gaskiya. To amma da wane ido za ta dube ni bayan haka? Yaya yarinya za ta shiga ɗakin jarrabawa da sanin cewa mutumin da ta fi amincewa da shi ya yi mata ƙarya kowace Asabar? Idan kuma ta ɗauka cewa yau ne nake ƙaryar, don in ƙarfafa mata gwiwa? In na yi shiru kuwa, za ta sa hannu ta rabu da abin da ta cancanta, tana gode mini.

Ina jin kunyar neman shawara a wurinku, sa'annin 'ya'yana, amma ba ni da wani wurin zuwa, kuma kwana biyu kawai suka rage. Jama'a, me zan yi?