Fitilar da Umaru ya ɗaura wa kekena

Daren Laraba, sha biyu ga Rajab

Yau na gwada fitilar da ɗana Umaru ya ɗaura wa kekena, irin wadda taya ke murzawa ta kawo wuta. Tun da na faɗa rami makon jiya ya ce in na ƙara, zai kulle keken a ɗaki. Keken da na goya shi a kai zuwa makaranta! Ya samu aikin gwamnati da babur, yana ba ni doka kamar soja.

Na taso daga gadi a Kalambaina bayan isha'i. Abar tana kuka kamar sauro, tana riƙe taya har gwiwa ta gaya maka. Amma haske, wallahi har tsakuwa nake gani. Na ce ashe mai arha ma tana aiki.

Kusa da Ƙofar Rini na tsaya gaida Bitrus kafinta. Taya ta tsaya, fitila ta mutu, amma hanya tana nan fes. Bitrus ya ce, "Baba, yau da ɗan rakiya anka taho?" Na waiga, sai ga Umaru can baya bisa babur, fitilarshi na haska mani hanya, yana sunkuyar da kai.

Na yi wa Bitrus sallama. Na hau, na rage sauri, don bai san inda ramin nan yake ba.