Wanda Ya Miƙe Mini a Gaban Alƙalai

Mount Druitt, Sidni
14 ga Oktoba

Zuwa ga Goggo Kalolaine,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida a Neiafu. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Baba yana nan da surutunsa, Mama kuma ta koma cikin mawaƙan coci, ko da yake muryar ta riga ta yi ritaya.

Goggo, gyara zama: 'yar ƙaninki ta zama lauya! Ran Juma'ar da ta wuce aka rantsar da ni a babbar kotu, ni da ban taɓa zama a ajin jami'a ba. Kin san shekara goma sha huɗu ina buga takardu a ofishin Mista Lambros, dattijon nan Bagirke. Shi ya tura ni hukumar da ke shirya wa ma'aikata irina jarrabawar lauya, wai ya gaji da sakatariya tana gyara masa kuskure ba ta da ko takardar shaida. Shekara bakwai ina tashi daga aiki in hau jirgin ƙasa zuwa darasi. Dokar filaye ta kayar da ni sau biyu, a na uku na rama.

Sai dai cin jarrabawa kaɗai ba ya isa. Ranar rantsuwa, in an kira sunanka, dole wani lauya ya miƙe ya roƙi alƙalai da bakinsa su karɓe ka. Mista Lambros ya daɗe da cewa wannan aikinsa ne. To, saura wata biyu sai ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Na je asibiti ina lallaɓa shi cewa zan nemi wani, sai ya daki ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya har nas ta leƙo. Na bar sunansa a takarda, amma na san in ya kasa magana, haka zan koma gida ba a karɓe ni ba. Baba ya ce wai mene ne abin damuwa, shi da ya shekara talatin yana jawabi a biki da jana'iza, zai miƙe ya yi. Na ce sai lauya. Ya ce wai su alƙalan ba su da iyaye ne?

Ranar mun cika benci uku, kowa da tabarmarsa ɗaure a ƙugu, kamar yadda muke ado a gida ran babban taro. Da aka kira sunana, Mista Lambros ya dafa sanda ya miƙe. Ya buɗe baki, shiru. Alƙalai uku suna kallonsa. Na waiga na ga Baba ya fara tashi yana gyara murya, Mama ta cafki bakin tabarmarsa ta dawo da shi kan benci, tana raɗa masa cewa in ya ce uffan, a tashar jirgi za ta bar shi. Sai muryar dattijon ta fito, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai hawa tudu da kaya. Ya roƙi kotu ta karɓi Seini Havealeta a matsayin lauya, bai tsallake ko harafi ba. Babban alƙalin ya jira har ya kai ƙarshe, sannan ya ce a karɓe ta. Goggo, na yi kuka, kuma ban ji kunya ba.

A waje, dangi suna ta zancen alade da gwazar da ke jiran mu a gida, sai Fotini, matar Mista Lambros, ta ja ni gefe. Ta ce tun da ciwon ya same shi, wannan 'yar maganar kaɗai ya yarda ya koya, kullum safe da yamma. Ta ce in duba rashin adalci: shekara arba'in da ɗaya da aure, har yau bakinsa bai iya kiran sunanta ba, amma ya iya Havealeta. Tana dariya take faɗa, hawaye yana zubo mata.

Ki gaishe mini da Kawu Taniela, da Inna Losaline, da su Viliami da 'ya'yansu. Ran Lahadi kuma, in kin tashi addu'a a coci, ki kira sunan Lambros da ƙarfi, ki roƙa masa Allah ya mayar masa da sauran maganarsa.

'Yarki,
Seini