A Kankare Mini Ƙofata

Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ko da yake likita ya fara yi mini magana a tausashe kamar mai lallashin jariri. In rubutun ya karkace, laifin tabarau ne. Wanda ya ce na ruɗe, ya tuna ni kaɗai ce a gidan nan ban yanki katin jam'iyya ba.

Na ɗaya. Keken ɗinkina na 'yar'uwarku ne, malamar asibiti. Da shi na ɗinka tutoci lokacin da aka ce mun zama jamhuriya, har ƙafata ta kumbura. Na tambayi marigayi babanku mece ce jamhuriya, ya ce gida ne da kowa yake da bakin magana. Na ce to, Allah ya sa a samu mai kunnen ji. Shekara ba ta zagayo ba, 'ya'yana maza biyu suka daina gaisawa.

Na biyu. Rediyona na babban jikana ne, angona mai rowar cefane. In an fara karanto sunayen sababbin ministoci, kada ya wahalar da kansa da hadda. Ya je ya yi wanka, kafin ya fito an sauya su.

Na uku. Kai Babba, tun da aka zaɓe ka kansila, ko ruwan sha na roƙe ka sai ka ce za ku duba. Famfon layinmu har yau kuna dubawa. Kai kuma Auta, ɗan adawa, in yayanka ya ce rana ta fito sai ka kunna fitila. Kujerar babanku ban ba ko ɗayanku ba. Wadda kuke faɗa a kanta ta ishe ku.

Na huɗu, shi ne ma ya sa na ɗauki biro: ƙofar gidana. Babba ya shafa mata shuɗin jam'iyyarsa, Auta ya bi da jan tasa, Babba ya dawo da goga. Kowane zaɓe haka, har da zaɓen cike gurbi. Yanzu fenti ya yi mata kauri, ƙyaure ɗaya ya liƙe, ni da ban da jiki ma a karkace nake fita. Na sa kafinta ya auna, ya ce makara ba za ta wuce ba.

Don haka ku ji. Ban yarda a ɓalle ta ba. Ban yarda a kira leburorin hukuma ko yaran jam'iyya ba. Ban yarda a tsallakar da ni ta katanga kamar akwatin zaɓe ba. Ku biyu za ku kankare ta, Babba ta ciki, Auta ta waje, har katakon da babanku ya kafa ya bayyana. In kun fara gobe, zan sa a fito da ni in zauna in yi muku dariya. In kun jinkirta, ni ba sauri zan yi ba. Zan jira ku a kwance, jama'a na tsaye cikin rana suna kallonku, kuma kowannensu yana da ƙuri'a.

Na yafe muku, har ciwon kan da kuka sa mini. Allah ya yi muku albarka, ya shiryar da zuriyarku. Ku riƙe 'yar'uwarku, ku bar 'ya'yanku su ci abinci a kwano ɗaya, kada gidan nan ya watse a hannunku.

Wuƙaƙe biyu na aikin suna ƙarƙashin gadona. Dakusassu na zaɓa, don na san halinku.