Lasifikan da Na Zaɓa

Arlit, 3 ga Maris, 2008

Zuwa ga matata Hansai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Lauratu. Ya ƙafar Inna? Ni da sauƙi, sai tarin nan.

Kin tambayi ranar da zan dawo Damagaram. Ba yanzu ba. Shekara goma sha ɗaya ina gyara wa kamfani wuta, aka sallame ni da takarda guda, kuma ba zan shigo miki gida da takarda ba. Ni da maƙwabcina Rhissa, wani Buzu wanda fari ya ƙarar masa da awaki a Gougaram, za mu buɗe ɗakin wasan ordinatar, wato kwamfuta, tunda samarin garin nan ba aiki.

Mun samo tsofaffin na'urori huɗu. Na sa musu katin hoto mai kyau da fanka bibbiyu, don zafin nan yana kashe inji. A kan sauti muka saɓa. Akoli direba kwali ɗaya zai iya ɗauko mana daga Agadez, saboda tun da aka fara tawayen Buzaye motoci sai da rakiyar soja. Rhissa yana son kaske, abin sauraron da ake sawa a kunne, wai gari a tsorace yake. Ni na dage sai manyan lasifika, mai wucewa ya ji ya shigo. Har na ce masa ni na san wuta, shi awaki ya sani. Ya bar mini zaɓin.

Ki gaida kowa.
Mijinki, Kalilu

Arlit, 20 ga Afrilu

Hansai,

Ina gaishe ki, ya Lauratu da Inna? Ni ba daɗi.

Ranar Juma'a bayan la'asar na fita sayen fis na wuta, samari suka sa wasan yaƙi suka ƙure murya. Unguwa ta ji harbi. Mata suka watsar da bokitai a bakin famfo, sojoji masu sintiri suka zo, suka iske Rhissa a ƙofa da rawaninsa, suka tafi da shi. Ban ce ba su da dalilin tsoro ba, an kashe musu mutane a hanya. Amma na bi su na ce ni na zaɓi lasifikan, suka duba takardata, suka ga inda aka haife ni, suka ce in tafi gida. Yau kwanansa tara a hannunsu.

Ki sa Inna ta yi masa addu'a.
Kalilu

Arlit, 11 ga Yuni

Hansai,

Gaisuwa da fatan alheri, Allah ya sa kuna lafiya.

An sako Rhissa. Ya rame, kuma bai taɓa tuna mini maganar awaki ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Akoli ya kawo kaske huɗu. Yanzu samari suna ta harbi, ɗakin tsit, sai ƙarar fanka. Lasifikan suna ƙarƙashin gadona.

Jiya na miƙa wa Rhissa ɗaya ya gwada. Ya sa, ya jima, ya cire ya ce ɓangaren hagu ba ya aiki, a mayar wa mai kanti. Ya gwada na biyu, ya ce shi ma haka.

Bayan ya fita na gwada duka biyun, Hansai. Lafiyarsu lau.

Kada ki jira ni sallar bana.

Naki har kullum,
Kalilu