Ragayar Inna

Bunkure, Lahadi

Yayana Sammani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan kalau, sai hidimar tumatir da ta bikin 'yata Rahma da ke ƙaratowa.

Na zaɓi takarda ne domin a waya nauyinka ba ya barina in faɗi abin da ke raina. Tun kafin azumi ɗanka Taufiq ya zo ya ari ragayar marigayiya Inna, wadda ta tufka da ramar bakin gonarmu tun ba a haƙa kanal ɗin noman rani ba. Wai a Kano miji da mata da 'ya'ya duk ɗaki ɗaya suke, ƙasa ta cika, sama kaɗai ta rage, shi ne zai duba yadda take ɗaukar ƙore a jere ya ƙera irinta ta zamani. Na yi masa tsiya, na ce yau boko ya zo ɗaukar karatu wurin igiya, na ba shi da hannuna.

Ka san ita kaɗai ce rabona a kayan Inna. A ɗakina aka rataye ta ranar jerena, na kuma yi wa kaina alkawari a ɗakin Rahma za a rataye ta. Don Allah ka tuna masa.

Ƙanwarka,
Saude

Bunkure, bayan biki

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kun koma Kumbotso lafiya, ya gajiya? Allah ya bar zumunci.

Kwalin da Taufiq ya aiko ana gobe jere ya iso. A sama sabuwar ragaya ce ta igiyar roba, mai launi-launi da ƙugiyar ƙarfe. A ƙasa kuma, cikin baƙar leda, ta Inna ce gunduwa-gunduwa. Wai sai da ya warware ƙullin ya gane kansa, tsohuwar igiya kuwa ta yi ta tsinkewa. Da na yi maka ƙorafi a wurin biki ka ce ai igiya ce kawai. Haka ne, Yaya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Raina ya ɓaci da ku duka biyun, har yanzu bai huce ba.

Ba zan ƙi gaskiya ba, abin nasa ya yi kyau. Matan jere sai yabawa suke suna neman lambarsa. Allah ya ƙara kasuwa, ni ba hassada nake ba.

Amma ka duba jikin kwalin kuwa? An rubuta "Ragayar Kaka", ga hoton wata tsohuwa mai wushirya tana murmushi. Kai shaida ne Inna har ta koma ga Allah ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, kuma Rahma tana goye a bayana aka yi rasuwar. Jiya na je ganin ɗaki, na tarar ta yanke hoton ta manna a madubi, tana nuna wa dangin mijinta kakarta, har da ƙwalla. Da yake a gaban surukai ne, sai na yi musu sallama na fito.

Ka tambayar mini Taufiq uwar wa ce wannan baiwar Allah, ko na san wadda 'yata take yi wa addu'a.

A gaida Hajara. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Saude