Kunkurun da Aka Ce Ba Namu Ba Ne

Litinin, 3 ga Maris

Yau wani mutum mai kwat ya shigo shago ya miƙo min ambulan, har ya sayi cakulan kafin ya fita. Sai da ya tafi na buɗe. Daga lauyoyin wani babban kamfanin cakulan ne. Wai kunkurun da ke jikin takardar naɗinmu ya yi kama da nasu, sun yi masa rajista tuntuni, mu daina amfani da shi ko mu haɗu a kotu.

A tsaye na karanta, hannuna duk man koko. Auta, ƙanwata da muke aikin tare, ta leƙo ta kafaɗata ta karanta, sai ta kwashe da dariya. "Yaya, mun girma! Manya sun san da zamanmu."

Ni dai ban ga abin dariya ba. Shekara da shekaru ina narka cakulan a ɗakin nan mai taga ɗaya, yanzu a ce kunkurun ma ba nawa ba ne.

Talata, 4 ga Maris

Na je na gaya wa Baba, tunda dai Kunkuru sunansa ne. Lokacin da yake tuƙin motar haya abokan aikinsa suka laƙaba masa Kunkuru, don bai taɓa wuce kowa a hanya ba, ko mai keke. Da na buɗe shago sai na ɗauki sunan, na zana kunkurun da hannuna a bayan kwali, na ɗora masa hula irin ta Baba.

Na zaci ransa zai ɓaci. Ina! Gyara zama ya yi, fuska duk fara'a. "Ni za su kai ƙara? Su zo, ina nan. Ba sauri nake ba." Kafin in sa takalmi ya kira maƙwabcinsa ta katanga yana ba shi labari.

Asabar, 8 ga Maris

Lauya ta zo. Ƙawar Auta ce tun makaranta, siririya, mai saurin magana. Tambayar farko: mun yi wa tambarin rajista? Auta ta ɗaga kai tana kallon silin. Na san abin da kallon yake nufi: ba mu yi ba, kuma sakacina ne.

Lauyar ta ce daɗewar da muka yi muna amfani da sunan za ta iya taimaka mana, amma shari'a da irin waɗannan kamfanoni doguwar tafiya ce, za mu gaji su ba su fara ba. Gara a nemi sasanci. Duk bayanin nan tana yi tana ɗaukar cakulan mai citta daga faranti. Da ta miƙe farantin ba komai. Ta ce binciken hujja take yi.

Laraba, 12 ga Maris

Babban kantin da ke karɓar rabin kayanmu ya sauke su daga kanta, sai an warware rigimar. Manajan ya ba ni haƙuri har ya fi ni jin kunya. Na dawo da kwalaye a bayan mota. Na shiga ɗakin ajiya na zauna kan buhun koko na yi kukana, ba mai yawa ba. In wannan ya ɗore, wata mai zuwa ban san me zan ce wa matan da ke mana naɗi ba.

Na fito na tarar cakulan ya fara daskarewa a tukunya. Shi ba ruwansa da lauyoyi.

Juma'a, 21 ga Maris

Yarinyar nan, Auta! Na ce mata kar ta yi, ta yi. Ta ɗauki bidiyon Baba a waya yana ba da tarihin sunansa, ta sa a shafin shago na intanet. Bai zagi kowa ba, bai ambaci kamfanin ba, lauya ta riga ta ja mata kunne. Kawai yana zaune da hularsa yana cewa a duk shekarunsa na tuƙi bai taɓa take ko kaza ba.

Yau layi har ƙofar mai gyaran takalmi. Wata tsohuwa ta ce a motarsa ta je asibiti haihuwar ɗanta na fari, saura kaɗan ta haihu a hanya. Baba da kansa ya zo, aka sa masa kujera a ƙofa, ana ta ɗaukar hoto da shi. Kayan da kanti ya dawo da su sun ƙare kafin la'asar. Ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma rabon da in yi dariya haka har na manta.

Lahadi, 23 ga Maris

Na yi mafarkin kunkuru biyu suna dambe. Namu ya ci, amma sai da na gaji da jira.

Talata, 8 ga Afrilu

Ranar sasanci, a ofishin rajistar alamun kasuwanci. Baba ya rantse shi zai kai mu. Lauya ta yi ta duba agogo, Auta tana cewa, "Baba, ga mai tura baro can zai wuce mu." Ya ce ya wuce mana, hanyar ta kowa ce. Da ƙyar muka iso kan lokaci.

Mai shiga tsakani, wata dattijuwa mai tabarau, ta jera takardun naɗin biyu a kan tebur. Duk kore, duk kunkuru yana murmushi, namu dai da hula. A nan kaɗai zan rubuta: sun yi kama. In na gan su a kanti ina sauri, ni ma zan iya ɗaukar nasu.

Baba ya dubi lauyan kamfanin, saurayi ne mai ladabi. "Ɗana, kunkurun naku shekararsa nawa?" Ya faɗa masa. Baba ya ce, "To ai jikana ne." Lauyan ya yi murmushi ya ce, "Baba, doka ba ta tambayar wa ya riga haihuwa, wa ya riga rajista take tambaya." Har dattijuwar sai da ta cire tabarau ta yi dariya.

Ni na ƙeƙashe, na ce ba zan taɓa zanena ba. Su ma suka tsaya kan bakansu. Ana shirin tashi haka nan, sai Auta ta buɗe jaka ta zaro wata takarda. Fuskar Baba ce a zane, da hularsa, a kan launin ruwan lemo, a ƙasa an rubuta Baba Kunkuru. Ba dabba ko ɗaya. Ban san da shi ba! Ashe tun makon jiya take yi a ɓoye.

Lauyan ya fita ya yi waya, ya daɗe. Ya dawo da sharuɗɗa: ba hoton kunkuru, ba kore, kalmar Baba ta yi girma daidai da kalmar Kunkuru. Za su bar mu mu ƙarar da tsofaffin takardun. Kowa ya juyo yana kallona. Baba ya taɓa hannuna ya ce, "Uwata, ai ni ne na ainihin." Na sa hannu.

A mota na juya wa Auta baya, ina jin haushinta.

Laraba, 9 ga Afrilu

Har azahar ba mu yi magana ba, sai ƙarar injin niƙa. Can na ce mata hancin da ta zana ya yi girma. Ta ce, "Yaya, je ki kalli hancin Baba." Na so in daure. Ban iya ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Sababbin takardu sun iso daga wurin mai bugawa. Kanti ya karɓi kayanmu, har an sa mu a layin da ke daidai ido. Baba kuma ya samu sabon aiki: yana zaune a ƙofa yana hana mutane yaga masa fuska a takardar naɗi. "Buɗe ta baya, ɗana, a hankali." Jiya ya bi wani har bakin titi, ko da yake kafin ya isa mutumin ya cinye.

Launin ruwan lemon yana da haske a kan kanta. Ban ce ya fi koren kyau ba. Haske kawai na ce.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mun je yin rajistar tambarin. Ma'aikacin ya tambayi sunan mai shi, na faɗi nawa, sai na ji bakina ya ƙara da na Auta. Don sauƙin aiki ne kawai, ko da wata rana ba na nan. Ta tsaya tana kallona, na ce ta rufe baki ƙuda zai shiga.

Da muka fito kaina yana ɗan sara min, na ba ta makullan shago na wuce gida. Ban gaya mata zafin da za ta sa wa cakulan mai madara ba, ta sani. Na kwanta da rana tsaka, abin da rabona da shi tun kafin in buɗe shago. Da na farka na ɗauki waya zan kira in ji ko ta kashe injin. Har ta fara ƙara na katse.

Gobe ma ina jin sai goma zan fita.