Dokar Wasana Ta Jawo Wa Inusa Baƙin Jini

Baba Mai Shawara, ka taimake ni, abu ya fara fin ƙarfina. Ni malamin makaranta ne, gwamnati ta turo ni Faskari. Wani Bature da muka koyar tare ya bar mana wasa na takarda da ƙwayoyi irin na lido. Ni ke ba da labari, abokaina kowa ya ɗauki jarumi guda. Inusa, mutumin Tafoki, ya ɗauki mai addu'a, wanda ke warkar da waɗanda aka sara. A littafin wasan ƙwaya kawai zai jefa. Ni da iyayina na ga abin ba armashi, na kafa doka: sai ya furta roƙon da bakinsa, in ya burge mu a ƙara masa jifa.

To, Inusa jikan Maguzawa ne, bai daɗe da musulunta ba. Da kalmomin ƙirƙira suka ƙare masa, sai ya koma kirarin iskoki da ya ji wurin kakarsa. Wallahi in ya fara, muryar ma kamar ba tasa ba. Ashe maƙwabta na ji ta katanga. Yanzu a masallaci ana barin gurbi kusa da shi. Saniyar maƙwabcinmu Alhaji Barau ta faɗi matacciya ran kasuwar Yankara, aka ce iskokin Inusa ne, tun daga nan matasa ke zama ƙofar gidan da Inusa ke haya, ba sallama, ba magana. Gide, abokin wasanmu, ya ce soke dokar tawa kashe wasan ne. Ni kuwa tsoro nake ji.

Mai Alli, Faskari

Malam Mai Alli, Gide na da gaskiyarsa, dokarka ta sa wa wasa gishiri. Amma gishirin ya yi yawa. Ka soke ta yau, ƙwaya ta yanke hukunci, kuma ku dakata da wasan tukuna. Iskokin takarda ba su dame ni ba, shirun matasan nan ne ya dame ni. Shiru ba tsoro ba ne.

Kafin Juma'a ka ɗauki littafin da ƙwayoyin ka je wurin liman da mai unguwa, ka shimfiɗa musu komai, ka ce da bakinka kai ka sa Inusa yin kirarin. Kada ka tura Inusa ya wanke kansa, ba mai saurarensa yanzu. In zance ya ɓaci, kai takardar canjin wuri za a ba ka. Shi kuwa nan ce ƙasarsa, ba shi da wata.

Allah Ya tsare shi, Ya ba ka ƙarfin zuciya.